Shaddar Amarya a Jikin Alhaji Jatau

"…lafiya lau, Alhaji, ya ƙarfin jiki, ya mutanen gi… Innalillahi! Mene ne wannan a jikinka?"

Nan gaisuwar Mubina ta maƙale, tana durƙushe a zauren kakanta a Djougou, baki buɗe. Tun da sassafe ta rufe shagon ɗinkinta a unguwar Banikanni ta Parakou ta shigo mota, don aurenta Asabar mai zuwa ne kuma kayan da za ta sa ba su zo ba. Yayanta Ismail da ke Beljiyam ya aiko mata koli, wato saƙon kaya kwali guda: shadda ruwan goro da ta zaɓa da kanta ta waya don ta ɗinka rigar biki, da mayafi, da jaka, da turare. Ta yi ta sintiri ofishin masu kawo kaya har suka gaji da ganinta, sannan aka ce ai an kai tuntuni, a Djougou. Da ta kira Ismail, sai ya ce wai ya rasa yadda zai rubuta wa Bature adireshin shagonta, "bayan masu gyaran babur, kusa da mangwaron da aka sare", shi ya sa ya rubuta gidan Alhaji Jatau, wanda ko akuyar Djougou ta sani. Shi a wurinsa dabara ya yi. Bai san kura ya ba ajiyar nama ba.

Ga kurar nan kuwa a kan kujera, ta baje cikin babbar riga ruwan goro, sabuwa fil, sai ƙyalli take.

"Amarya, ƙarasa gaisuwar mana," in ji Alhaji Jatau, yana gyara hannun riga a kafaɗa. "Ko kyan mijinki ne ya ɗauke miki numfashi?"

"Tsoho, shaddata ce!"

"Shaddarki? Da ƙafarta ta zo Parakou ta yi miki sallama?"

"Sunana ne a jikin kwalin!"

"An karanta mini. Na ce alhamdulillahi, sunan matata ne, zauren kuma nawa. Ina abin rigima?"

"Ka buɗe kayan mutane ba izini?"

"Ke, tun kakannina na sauke huhun goro daga Gwanja a zauren nan, kaya bai taɓa kwana a ɗaure ba. Maigida ya kwance, ya ɗauki rabonsa, ya raba wa maƙwabta tsaraba. Ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya dire kwali a gabana, sai in tsaya kallonsa kamar baƙo a gidana?"

"Wannan ba goro ba ne, koli ne! Daga Turai! A jirgi ya zo!"

"Ko a bayan aljani ya zo, a zaurena ya sauka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ismail yana can yana daskarewa a sanyi, kai kana nan kana sheƙi kamar sabuwar butar ƙarfe."

"Ai kin faɗa da bakinki, ina sheƙi. Ɗazu tela ya kawo, na ce bari in gwada, rigar ta ƙi fita. Dubi launin ma. Ruwan goro. Wa za a aiko wa ruwan goro in ba jikan fataken goro ba? Ko na ɗiga mata yawu ba mai gani."

"Ka ɗiga mata?!"

"Na ce ko."

Mubina ta dafe kai. Sai a sannan maganar tsarabar ta faɗo mata.

"Tsaya. Ka ce ka raba wa maƙwabta. Me ka raba?"

"Kwantar da hankalinki, an yi adalci."

"Ina turarena?"

"Allah ya ba Ismail lada. Ranar Juma'a na tsaya bakin masallaci, duk mai shiga na fesa masa. Sahun gaba har na baya. Liman da kansa ya juyo ya ce a ƙara masa a rawani."

"Turaren mata ne, Alhaji! Na amarya!"

"Shi ya sa! Ni ma na ga Malam Ousseini ya koma gida, matarsa ta tare shi a ƙofa tana tambayar daga ina yake."

"La ilaha illallahu. Mayafin fa?"

"Hafsatou ta gidan baya ta haihu. A je barka hannu biyu a gidan Jatau? Ba a taɓa ba."

"Mayafin da zan rufa ranar da za a kai ni!"

"Yanzu jariri ke kwance a ciki. Albarka ya samu tun kafin ki taɓa shi."

"Jakar? Kar ka ce mini ka ba mai unguwa."

"Haba, ina da hankali. Ga ta nan."

Ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo ta: 'yar jaka mai duwatsu masu walƙiya, irin wadda amarya ke riƙewa da yatsu biyu. Ya buɗe. Goro ne cike da ita, an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ban taɓa samun abin ajiyar goro kamar wannan ba," ya ce. "Nasara ya san goro, wallahi. Ci ɗaya?"

"Allah ya isa tsakanina da haƙoran nan naka guda uku!"

"Huɗu ne. Kuma da su na cinye alewar da ke cikin kwalin, mai ɗaci-ɗacin nan baƙa. Ba ta kai ɗan wake ba, ki gaya wa Ismail."

"Tsoho, ka san abin da ka yi kuwa? Asabar ɗin nan fa! Me zan sa? Buhun gawayi?"

"Wa ya aike ki aure? Kina da miji kamata, gemu fari tas, gida a tsakiyar gari, ki tsallake ki je unguwar Titirou wurin mai sayar da nama? Wancan Muhammad Amin ɗin da ƙuda ke yi wa rakiya?"

"Shi dai yana tafiya ba sanda."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar da ta bushe a tulu? Na sake ka, tsoho. Saki uku, har da na ajiya."

"To shi ke nan, an yi daidai. Matar da ta gudu ta bar miji ai sai ta biya shi. Na riga na karɓi nawa." Ya shafa ƙirjin rigar. "Ki tafi, na yafe sauran."

"Zanen aro ba ya rufe katara. Cire!"

"Nawa ya rufe har da sauran wuri. Kin ga fukafukan? In iska ta taso sai dai ki same ni a Parakou kafin ki isa."

Ya tashi ya buɗe hannaye ya yi juyi ɗaya a tsakiyar zauren, shaddar tana ƙara irin ta sabon kaya. Wannan ƙarar ce ta karya Mubina. Watanni ta yi tana zana rigar a ranta, in ta gama ɗinkin amaren mutane ta zauna ta ce saura tawa. Ta ɗinka wa rabin Banikanni kayan biki, ga nata bikin ya zo, almakashin wani ya riga nata shiga shaddarta. Ta buɗe baki za ta rama, sai hawaye suka zubo. Ba na wasa ba ne, kuma tsohon ya san bambancin.

Ya tsaya cak, hannaye a sama. A hankali ya sauke su, ya koma ya zauna.

"Ke, Mubina."

Rabonsa da kiran sunanta tun tana 'yar ƙarama. Ta ɗago.

"Da gaske rigar aurenki ce?"

"Da me ka ɗauka?"

Ya ɗan jima yana murza bakin hannun rigar. "Da na kwance na ga shadda mai yawa haka, na ce yaron nan Ismail ya yi hankali. Ya tuna ubanku ba ya duniya, ni zan zauna gaban mutanen Titirou in ba da aurenki. Na ce ya aiko wa tsoho abin da zai sa kada a ce 'yar gidan Jatau ba ta da kowa. Rigunana kin san su, duk sun girme ki. Har na ce wa tela ya yi aikin wuya mai kyau, na ranar jikata ne."

Tausayinsa ya kama ta, haushin kuma bai tafi ba, ta rasa wanda za ta bi a ciki. Ta share ido da gefen gyale. Sai idonta na tela ya yi aikinsa ba da saninta ba: ya bi rigar daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya bi faɗinta daga wannan hannu zuwa wancan.

"Tashi tsaye," ta ce.

"Za ki dake ni ne?"

"Tashi, buɗe hannu. Yadda ka yi ɗazu da kana borin tsufa."

Ya tashi. Ta zagaya shi tana aunawa da tafin hannu, tana ɗaga gefe tana duba ɗinki, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta leƙa ciki.

"Har 'yar ciki da wando ka yi?"

"Cikakken mutum ake gani a Djougou, ba rabi ba."

"Telan naka wane ne? Wannan ɗinki ko da ƙafa aka yi shi sai haka."

"Kar ki zagi Abdoulrahim, shi ya ɗinka rigar da na auri kakarki da ita."

"Shi ya sa ta riga ka tafiya, baƙin ciki ne." Ta ja baya ta riƙe ƙugu. "Allah ya taimake ka kai siriri ne kamar tsinken tsire, shi kuma ya yanka rigar kamar ta mutum uku. Bayan nan da hannayen nan za su ba ni riga da zane. Aikin wuyan sai in kewaye shi, ko ɗankwali ya fita a gefe."

"Ki yanka babbar rigata?! Rigar da ko Juma'a ɗaya ba ta gani ba?"

"Kai ka fara yanka."

"Innalillahi! Jama'a ku zo, mace za ta tuɓe mijinta a zaure!"

"Kira su. In gaya musu wanda ya fesa wa liman turaren amarya."

Ya dube ta, ya dubi rigar. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda za a cire wa haƙori, cikin huɗun nan da suka rage. Sannan ya sunkuyar da kai ya zare ta a hankali, ya ninke da kansa, ninki mai kyau irin na mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ɗaure kaya, ya ɗora mata a hannu biyu. Ya rage daga shi sai 'yar ciki da wando, ya koma ɗan mitsitsi a cikinsu.

"Ungo. Ban ba ki komai na aure ba, ga shi na ba ki rigar jikina. A rubuta."

"Kayana ka ba ni, ɓarawon zaure."

"Kowa ya ga daga wuyan wa ta fita."

Ta rungume rigar a ƙirji. Ƙamshin turarenta ne a jiki, da ɗan warin goro. Ta kalli 'yar cikin da wandon, ta san da za ta karɓe su da hannun rigarta ya fi haka yalwa. Ba ta karɓa ba.

"Waɗannan ka riƙe. Ka ɗora tsohuwar farar rigarka a kai ka zo ka ba da aurena. Amma in na ga ɗigon goro ko ɗaya, a gaban surukai zan cire maka."

Alhaji Jatau ya dubi wandonsa, ya dubi abin da ke hannunta. Fuskarsa ta fara washewa, har haƙoran huɗu suka bayyana gaba ɗaya.

"Tsaya, tsaya. Ke ruwan goro, ni ruwan goro?"

"To, sai me?"

"Shadda ɗaya, yanki ɗaya, rana ɗaya?"

Sai yanzu ta gane ramin da ta haƙa wa kanta. "Alhaji, kar ka fara…"

"Anko! Amarya ta yi anko da mijinta na gaskiya!" Ya buga cinya yana dariya har da tari. "Je ki gaya wa mai naman nan ya zo da farin yadinsa ya zauna a gefe. Ranar Asabar duk baƙon da ya shigo ya ce ina ango, ni za a nuna!"

Mubina ta yi iya ƙoƙarinta ta ɗaure fuska, dariyar ta ƙwace mata, ta zube a tabarma tana riƙe da rigar.

"Ka ci, tsoho. Wallahi ka ci. Ba ni jakata in tafi."

Ya juye goron a cinyarsa, ya zaɓi fari mafi girma ya mayar ciki, ya miƙa mata.

"Wannan na angon ne. Ki ce in ji uban gidansa, ya yi haƙuri, a rigata ya ɗauke ki."