Yadda Sallau Ya Janye Hannunsa

Ku matso ku ji labarin Sallau maƙwabcina, Allah ya ji ƙansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, ba ta ma kai kafaɗata ba, don haka kada wani ya ce jita-jita nake ba ku.

Su uku ne a gidan: Sallau, da yayarsa Hansai wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, sai 'yarsa Kulu. Sallau irin mutanen nan ne da in ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta, gobe a nan za ka tarar da shi. Ba ya musu, ba ya ƙari, ba ya ragi. Kulu kuwa ba ta magana, ba ta haɗa ido da mutum. A asibiti sun ce galahanga ce. Tun da uwarta ta rasu ba ta karɓar loma a hannun kowa sai na ubanta, ko nata hannun ba ta sawa a kwano. An taɓa kwantar da Sallau a asibiti saboda tari, yarinyar nan ta kulle baki har idanunta suka faɗa, sai da aka ɗauko shi daga kan gado ya zo ya ba ta. Tarin kuma bai bar shi ba. Hansai takan ce da shi, "Ranar da babu kai, yarinyar nan bin ka za ta yi." Kowa ya san gaskiya ta faɗa.

Wata rana aka turo wata ma'aikaciya asibitin ƙauyenmu, Malama Bara'atu, mai koyar da irin waɗannan yara. Duk ranar kasuwa take zuwa. Ta zauna a tabarmarsu ta ce, "Malam Sallau, kowace ɗabi'a tana da abin da ke zuwa kafinta da abin da ke biyo bayanta. Wannan makon kallo kawai za ka yi. Kada ka sa baki, kada ka sa hannu." Ya ce, "To, Malama." Washegari Hansai ta shanya daddawarta ta tafi rijiya. Kulu ta buɗe wa akuya ƙofa, akuya ta hau daddawa, Sallau na zaune ya zuba tagumi. Ina leƙe ta katanga ina ihu, "Sallau, akuya! Kai Sallau!" Ya ce, "Ina ganinta, Inna Jummai. Kallo aka ce in yi." Da Malama ta dawo ya ba ta labari tiryan-tiryan: "Kafin abin, akwai daddawa. Abin da ya faru, akuya. Abin da ya biyo baya, Yaya ta jefe ni da muciya." Malama ta yi dariya har da hawaye, Hansai kuwa sai da ta yi mako ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wata rana kuma Malama ta koya masa abin da ta kira ƙarfafawa. Ta ce, "Duk abin da aka yaba nan take, yaro yakan sake yinsa. Da zarar Kulu ta taɓa abinci da hannunta, ka yabe ta. Duk inda kake, kada ka jinkirta." Aka yi rashin sa'a, a makon ne mijina ya rasu. Ranar addu'ar uku maza sun cika ƙofar gidana, liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Kulu na gefen ubanta, sai ta miƙa yatsa ta taɓa wainar sadaka. Sallau ya zabura ya kwarara murya: "Yauwa, Kulu ta Baba!" Har da tafi! Liman ya rasa inda ya tsaya. Ni ina ɗaki cikin takaba, wallahi da zan iya fita da sai na shaƙe shi. Da yamma ya zo ya tsuguna a bayan katanga ya ce, "Inna Jummai, ki yi haƙuri. Mai gidanki ya riga ya tafi, Kulu kuwa tana nan." Na buɗe baki in zage shi, sai kuka ya zo mini.

Wata rana aka zo kan tallafi. Malama ta ɗora hannun Sallau a kan na Kulu, suka gutsuro tuwo tare, suka kai baki. Kulu ta haɗiye. Malama ta ce, "Haka za ka riƙa yi. Ka riƙe hannunta, kada ka saki." Ai kuwa bai saki ba. Da hannunta a nasa ya je gona, ya yi noma da hannu ɗaya, kunya duk ta karkace. Alwala ma Hansai ce ta zuba masa ruwa tana tsaki. Kulu ta yi ihu, ta cije shi, shi ko yana nan riƙe yana ba ta haƙuri. Da labari ya kai wa Malama ta dafe kai tana dariya. "Lokacin cin abinci nake nufi, Malam Sallau!" Ya ce, "Ai ba ki faɗa ba." A nan tari ya sarƙe shi, ya tofar, muka ga ja a ƙasa. Ya sa ƙafa ya rufe da turɓaya, Malama kuwa ta daina dariya. Ta kai shi wurin likita da kanta, aka ba shi magani, amma an ce abin ya yi nisa.

Wata rana ta ce masa, "Abin da yaro ya koya a wuri ɗaya, sau da yawa a nan yake barinsa. Sai ka sa ta saba ci a wurare daban-daban, a gaban mutane daban-daban." Tab! Ai sai Sallau ya ɗauki unguwa gida-gida. Da ma ba a yi masa kulle, kowa ya san halinsa. Da an sauke tukunya sai ka ji sallamarsa, ga Kulu, ga kwano. Ya zaunar da matar gida ya yi mata darasi: "In ta kai loma, ki ce yauwa, Kulu ta Baba. Da ƙarfi. A'a, ba haka ba, sake." Gidan mai unguwa bai tsira ba, gidan mahauta bai tsira ba. Aka fara cewa Sallau ya koma kwaɗayi, yara suka sa masa waƙa, Hansai ta daina zuwa rijiya don kunya. Ni kaina sau nawa ya sa ni maimaita kalmar nan ina tsaye da ludayi a hannu, miya na ƙonewa.

Wata rana, farkon damina, Malama ta zo da darasin ƙarshe. Ta ce, "Sauran janyewa. Tallafi ba a barinsa har abada. Yau ka riƙe wuyan hannunta, gobe gwiwar hannu, jibi kafaɗa. Kullum ka ƙara nisa kaɗan." Ta hau babur ta tafi. A makon ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da birni, Malama ba ta sake samun hanya ba, babu kuma wanda ya ce wa Sallau ya tsaya.

Ya bar wuyan hannu, ya bar gwiwa, ya bar kafaɗa. Ya koma gefen tabarma. Ya koma bakin ƙofa. Kulu takan tsaya ta neme shi da ido, in ta hango shi sai ta kai loma, shi kuma ya yabe ta. Da ya kai zaure ya daina ganinta, sai ya roƙi Hansai: "Yaya, in ta ci, ki buga taɓarya a turmi." Daga nan kullum da azahar sai ka ji turmi ya ce dum, sai murya daga waje: "Yauwa, Kulu ta Baba!" Ya wuce ƙofar gida, ya wuce rijiya, ya wuce masallaci. Muryar tana ƙara nisa, tari yana ƙara cinye ta. Har ya kai durumin bayan gari, inda hanyar maƙabarta ta ratse.

Haushi ya ishe ni, na yafa gyale na bi shi can. Na tarar da shi a zaune ya rame kamar kara, ya kasa kunne wajen gari.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? 'Yarka na gida, kai kana nan ruwa na dukanka!"

Ya ce, "Kullum in ƙara kaɗan aka ce."

"To har ina?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ba ka marmarin ba ta da hannunka?"

Ya dubi tafin hannunsa ya daɗe. Ya ce, "Ina yi, Inna Jummai. In na ji turmi sai hannun ya riƙa motsi shi kaɗai." Na dawo gida ina faɗa ina share hawaye.

Ranar wata Laraba da safe Sallau ya cika a ɗakinsa. Aka yi masa sutura, maza suka ɗauke shi, suka bi ta gaban rijiya, ta gaban masallaci, suka wuce durumin nan kaɗan. Mu mata babu mai zancen mamaci, duk hankalinmu yana kan yarinya. Tsoro nake ji ƙwarai, ban ɓoye muku ba.

Azahar ta yi. Hansai ta zuba tuwo, ta ajiye a gaban Kulu ta koma gefe. Ina tsaye a katanga. Kulu ta dubi ƙofa, ba kowa, ai ta daɗe da sabawa. Ta sa hannu ta gutsuro, ta dangwali miya, ta kai baki. Hansai ta manta, don sabo ta ɗaga taɓarya ta buga a turmi. Dum. Sai a lokacin ta tuna, ta toshe baki da gefen zane.

Kulu ta karkata kai wajen durumi tana jira. Shiru. Ta fara ture kwanon da bayan hannu.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Yauwa, Kulu ta Baba!" Kafin in rufe, matar mahauci ta amsa daga gidansu. Sai gidan mai unguwa, sai gidan da ke bayansa, mata suna faɗa da ƙarfi yadda ya koya musu, wasu muryarsu na karyewa.

Kulu ta saurara har muryoyin suka lafa. Sannan ta jawo kwanon, ta gutsuro loma ta biyu.