'Yata Ta Isa Bango, Ba Ta Isa Aji Ba

Jiya na sauko daga bas, ko rigar aikin wanki ban cire ba, na nufi makarantar 'yata Lashondra. A bakin ƙofa sai ga hotonta, ƙato kamar ƙofar gareji: farar riga, kwalbar gwaji a hannu, 'yan turawa biyu suna yi mata murmushi. A ƙasa an rubuta ajin kimiyya mai zurfi. Na ce Halleluya, an ɗauke ta! Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Aron ta aka yi ranar hoto, aka mayar da ita ajin ƙasa.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san in ba wannan ajin, ba tallafin jami'a. Kuma ran Juma'a ake rufe ɗauka.

Na shiga wajen mai ba ɗalibai shawara, Mai Girma Uwar Shawara, Allah ya ƙara mata taushin murya.

"Misis Pettway, ba ma so mu ɗora wa yarinya nauyi."

"Ranki ya daɗe, yarinyar da ke ɗaga kakarta daga gado kullum? Makinta fa?"

"Maki ya yi kyau. Amma sai malami ya ga alamar hazaƙa. Kuma kujeru sun cika."

Ikon Allah! Alamar nan farar fata kawai take sauka wa. Ku leƙa saman bene inda ajin mai zurfi yake, fari tas kamar madara. Ƙasa kuwa mu ne baƙaƙe. Wai ba wanda ya raba, haka ya faɗo.

Na fito na buga wa Ernestine, maƙwabciyata da muke waƙa tare a coci. Dariya ta kwashe da ita.

"'Yar'uwa, ke yau kika waye? Rondell ɗina yana jikin takardar tallarsu riƙe da goge. Yaron da ko tafi bai iya ba! Bangon nan don manyan ma'aikatar ilimi ne, ran Litinin za su zo ziyara."

Na juya na koma.

"Ranki ya daɗe, tunda nauyi ake gudu, a sauke mata na bangon ma. Yau. In ba tsani, akwai a cocinmu."

Kafin in kai tashar bas an kira ni: kujera ta samu. Fasto ya sha faɗa mana Ubangiji na fitar da ruwa daga dutse, amma kujera daga cikakken aji, sai jiya na gani.

Guda ɗaya ce fa, iyaye, kar ku taso. Baƙar fuska ɗaya hoton yake ci.