Kwalbar Baba Maitawul

Ba zan taɓa mantawa da makonnin da na yi ina cin amanar wani dattijo da cokalin shayi ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin korona ne, muna zaune a hawa na sha ɗaya a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje. Maigidana, Abban Nana, yana karatun dakta (ba na asibiti ba, na rubuce-rubuce, ni a firamare na tsaya, kada ku tambaye ni), ni kuma ina fama da Nana mai shekara biyu ga cikin wata biyar. In ana neman matsoraciya a kan ciwon nan, a zo a same ni. Albasa ma sai na wanke ta da sabulu. In an kawo mana tapau, wato abincin saye a ƙunshe, ledar sai ta sha iska awa guda a baranda kafin ta shigo.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce ɗan Japan, shi kaɗai yake zaune. Na sa masa suna Baba Maitawul, don kullum da safe zai fito da ɗan tawul a hannu, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya tsaya cik, sai ya yi taku ya kaɗa tawul ɗin, fau! Na lura hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai, ga dogon tabo a gwiwar hannun. Abban Nana ya ce tsohon ɗan wasan besbol ne, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda, kuma shi ne mai jifan. Na ce, "Yanzu jifa ma sana'a ce?" Ya ce, "Ita ta ci da shi har ya tsufa."

Wata rana Baban ya tafi jihar Penang koya wa yara wasan, ya bar mana makullinsa mu riƙa ba wa 'yan bishiyoyinsa ruwa na kwana uku. Yana isa aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi. Kwana uku ya koma mako shida. Abban Nana ya yi ban ruwa sau biyu, ya miƙo mini makulli wai karatu ya sha kansa.

To, matan da suka taɓa ciki za su gane ni. Kwaɗayin farar ƙasa ne ya taso ni gaba. Lokacin da nake da cikin Nana ina gida Najeriya, gwaggona ke kawo mini a ƙulle. A nan kuwa ina zan samu? Na aiki Abban Nana har shagunan unguwar Brickfields, ya dawo mini da hodar shafawa a fuska. In aka fara yayyafi ƙamshin ƙasa ya taso, sai in tsaya a taga ina hawaye.

Ranar da na fara shiga falon Baban na gan ta. Kwalba ce a kan kanta, tsakanin wata tsohuwar ƙwallo da hoton wani saurayi mai hula, cike da baƙar ƙasa mai laushi. Na ce wa zuciyata ai ta shuka ce. (Wa ke ajiye ƙasar shuka kusa da hoto? Wannan tambayar ba ta zo mini ba sai da aikin gama ya gama.) Na buɗe don in shinshina kawai. Na ɗan lasa. Washegari na zo da cokali.

Ku kalli hoton da kyau: mace da safar roba a hannu, ta fesa wa mariƙin ƙofa magani, ta shigo, ta sauke takunkumin fuska, ta ɗebi ƙasar da ba ta san asalinta ba ta zuba a baki.

Ranar da Baban ya bugo wa Abban Nana waya ya ce an buɗe hanya gobe yana tafe, na duba kwalba na ga ta sauka ƙasa da rabi. Na ruga wajen fulawoyin gindin bene na kwaso ƙasa, na tankaɗe ta da rariya. Sai dai ƙasar garin nan ja ce wur. Don ta yi duhu na zuba mata garin kofi, na girgiza, na mayar. Har na yaba wa kaina.

Ya dawo, ya kawo mana tsaraba, ya sunkuya ya yi godiya. Ba a yi minti goma ba aka sake ƙwanƙwasa ƙofa. Ga shi tsaye da kwalbar a hannu bibbiyu, kamar mai riƙe da jariri. Ni ba na jin Turanci sosai, don haka Abban Nana ne tafinta.

"Wai yana ba da haƙuri, tambaya ce zai yi. Kin ga ko kwalbar nan ta faɗi?"

Na ce, "Wace kwalba?"

"Ita kaɗai ce kwalba a nan, Maman Nana."

Sai Baban ya fara magana a hankali, Abban Nana na juyo mini da ita guntu-guntu. Wai yana ɗan shekara sha bakwai makarantarsu ta kai babbar gasar 'yan makaranta ta ƙasarsu. Shi ya yi jifa tun daga farko har ƙarshe, aka ci su a jifansa na ƙarshe. A can al'ada ce, waɗanda aka fitar sai su durƙusa su kwashi ƙasar filin su tafi da ita gida. Ya kwasa yana kuka.

Na ji 'yar cikina ta motsa.

Wai daga baya wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ya yi tashe, aka riƙa sa hotonsa a jarida. Sai gwiwar hannun ta lalace, aka yi masa aiki, ya dawo jifan ba ƙarfi, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya, daga nan aka sallame shi da takarda. Kofuna ya rabar, riguna ya rabar. Kwalbar nan kaɗai ta bi shi duk gidan da ya zauna.

Abban Nana ya ce, "Allah sarki," ya share ido. Ni kuwa ina neman inda ƙasa za ta tsage in shige, na tuna ni ce ma mai shigar da ita.

Bai gama ba. Wai abokinsa da ke cafe masa ƙwallo a wancan wasan ya rasu a annobar nan, bai samu zuwa ba. Niyyarsa in an buɗe jirage ya kai rabin ƙasar kwalbar nan zuwa kabarinsa. Don haka ba faɗa ya zo yi ba. Ya san hatsari ne, ta zube aka cika masa da wata (ya shinshina kwalbar, ya ce da kofi). Roƙonsa ɗaya: a nuna masa inda aka share ta, ko a kwandon shara ne zai tsince.

Abban Nana ya juyo. "Ina kika zubar?"

Na kama gyaran ɗankwalina.

"Mutumin nan jira yake. Ina take?"

Na ga tsohon ya fara leƙen dandamalin ƙofarmu yana shirin durƙusawa da gwiwoyinsa na tsufa. Nan ne na kasa. Na nuna bakina, na nuna cikina, na faɗi kalmar da na tabbata kowa ya sani a garin nan, wadda suke nufin ci da ita: "Makan."

Abban Nana ya ce, "Innalillahi. Kika ci? Tarihin mutum kika cinye?"

"Ba duka ba."

"Da me?"

"Cokalin shayi."

"Yanzu da wane bakin zan fassara wannan?"

Ya dai fassara, yana gumi. Baban ya dubi kwalba, ya dubi cikina, ya sake duban kwalba. Ya yi tambaya ɗaya. Abban Nana ya rufe fuska ya ce, "Wai yana tambaya, da daɗi?"

Gaskiya ɗaya ce. Na gyaɗa kai.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya jingina da bango, hawaye na jiƙa masa takunkumi. Ya ce shekara da shekaru yana kallonta yana jin ɗacin ranar nan, ashe sai wata daga Najeriya ce za ta gaya masa tana da daɗi. Abin da ya rage a gindin kwalbar zai kai wa abokinsa, da kofin da komai, dama marigayin mashayin kofi ne. Sauran kuma, ya nuna cikina, ya ce ya ga inda ta tafi, a kula masa da ita.

Washegari Abban Nana ya tasa ni sai asibiti, ya zayyana wa likita komai a gaban ma'aikatan jinya biyu. Aka ce jinina ne ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyi. Cikin mako guda kwaɗayin ya tafi, kunyar ce dai ba a ba ni maganinta ba.

Abin da na koya: duk abin da kika ga an ajiye kusa da hoto a gidan mutane, komai ƙamshinsa, 'yar'uwa, ba naki ba ne. Ki tambaya tukun, kuma ki bar cokali a gida.