Gaisuwar da Na Kai wa Masu Tsuntsaye

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi sama wa 'yata Rifkatu aiki ba.

Yarinyar nan ilimin tsuntsaye ta karanto a jami'a. Ni tsohon soja ne, karatuna bai wuce firamare ba, don haka in an tambaye ni a coci sai in ce likitar kaji ce (ta gyara ni har ta gaji). Ta dawo garinmu Rikoto ta zauna ba aiki. Kullum da safe sai ta rataya madubin hangen nesa ta hau tudu, maƙwabta suna tambayata ko lafiya.

Ana nan sai wata ƙungiya mai kare tsuntsayen daji ta ce za ta ɗauki mutum ɗaya a yankinmu. Shugabarsu, wata Dokta, za ta gwada masu nema a wajen garin Dirin Daji. Rifkatu ta ce, "Baba, don Allah kada ka zo." Na ce to.

Amma ni na san duniya. A zamaninmu ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Na zauna na yi nazari: matar da ta baro birni saboda tsuntsu, me za a kai mata? Na sami wani abokina maharbi, na ce ya samo mini tsuntsaye masu wuyar samu, ban son kurciyar kowa da kowa. Uwar Rifkatu ta soya, ta barbaɗa yaji. Na sa kaftanina na Kirsimeti, na hau kabu-kabu.

Na iske su gindin wata itaciya, kowa ya ɗaga kai sama, ana magana ƙasa-ƙasa. Na ƙame, na sara wa Dokta, na buɗe kwano.

"Ranki ya daɗe, ga ɗan abin taɓawa. Na daji ne, ba na gidan gona ba."

Dokta ta leƙa. Ta ɗago ɗaya da yatsu biyu, ta daɗe tana duban bakinsa da ƙafafunsa.

"Baba, a ina aka samo wannan?"

"Bayan dutsen can. Maharbin ya ce su biyu ne kaɗai, duka ya kawo." (Da alfahari na faɗa, har da nuni.)

"Su muka zo gani," in ji ta. Ta waiwaya. "Tsohon nan baban wa ne?"

Can Rifkatu ta ce, "Nawa ne, Dokta."

Wani saurayi daga Yauri aka ɗauka. Direbansu ne kawai ya yi mini godiya, ya ce yajin ya yi daidai. Rifkatu kuwa, daga "ina kwana" ba ta ƙara mini ko kalma ba har aka gama girbi, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu tana aiki a filin jirgin sama, tana hana tsuntsaye shiga hanyar jirgi. Sai da ta kama aiki na ji labari, a bakin uwarta.

Abin da na koya da furfurata: in an ce maka mutum yana son abu, ka fara tambaya, da rai yake son sa ko da yaji.