Mutumin Da Ya Cike Ramin Manya

In ka tambayi mutanen ƙauyensu, can bayan Tanda, ko wane ne Mutari, za su ce maka: "Mai amalanken nan da ba ya iya wuce ɓarna bai sa hannu ya gyara ba." Matarsa Ajuma kuwa cewa take, ko tulun maƙwabta ne ya tsage, shi ke kwana da ciwon kai.

Jiya na tarar da shi a tashar Gaya, ba jaki, ba amalanke. Na zauna na ba shi kunne.

A hanyarsu akwai wani rami da ya girmi ɗiyan fari na mutane da yawa. Da damina, ba kamyon ɗaukar kaya da ke ƙetare shi, shinkafa da rake sai dai a kai. Da Mutari ya gaji, sai ya yi ta jido duwatsu da jar ƙasa har ya cike shi.

Ashe ya taɓo tsuliyar dodo. Ramin nan yana da masu shi! Kowace shekara manyanmu, Allah shi ƙara musu sanyin buro, wato ofis, sukan zo su tsaya bakinsa, su ɓata fuska, a ɗauki hoto. Hoton ya tafi sama, tallafin hanyoyin karkara ya sauko, sai ka ga an sake shimfiɗa pabe, duwatsun daɓen titi, a birni, daidai ƙofar wasu gidaje. Adalci ke nan: ƙauye ya ba da rami, birni ya karɓi hanya. Kowa da rabonsa.

Bana suka iso da mai hoto, rami ya ce ɗauke ni inda kuka ajiye.

"Wa ya ba ka izinin taɓa hanyar gwamnati?" in ji wani mushe, wato babban ma'aikaci, mai baƙin tabarau.

"Ranka shi daɗe, ƙafar jakina ce ta kusa karyewa."

"Jakinka injiniya ne?"

Aka kama jaki da amalanke. Ga shinkafar mutane jibge a fadama tana jiran ranar kasuwa, kuma da jigilarta gidan Mutari ke ci. Sharaɗi guda aka ba shi: ya ba da haƙuri a gaban jama'a.

Maƙwabcina Yacuba mai faci ya ce masa: "Kai ma ka cika shisshigi, Mutari! Ramin nan ni ma shi ke kawo mini tayoyi. Ka je ka durƙusa. Girman kai ba ya jan amalanke."

Yau da hantsi na raka shi buron manyan. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban mai tabarau, ya ɗaga murya yadda har masu kabu-kabu na bakin titi suka ji:

"Ranka shi daɗe, ku yi mini haƙuri. Na cike muku rami ban tambaya ba. Wallahi ban san a cikinsa kuke cin tuwo ba."