Ranar da Na Jira Gaisuwar Tandeka

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na zauna ina jiran gaisuwa kamar mai jiran ruwan sama. A Doha ne, a gidan ɗana Habu da ke unguwar Abu Hamour, lokacin da ya kawo ni a duba mini gwiwa. Ni ban shiga aji ba, amma a unguwarmu an san ni da abu guda: daga gaisuwar yaro nake gane gidan da ya fito. Da wannan nake taƙama har gobe.

Jikata Rukayya, 'yar Habun, ta samu tallafin karatu can ƙasar Zulu, a Afirka ta Kudu, tana koyon yarensu da al'adunsu. Duk Juma'a takan kira ni a waya. Sai ta fara, "Kaka, kin san su idan babba..." ni kuwa in katse ta. "Bar wannan, 'yar nan. Birin nan da ya shigo ta taga ya ɗauke miki burodi, ya dawo?" Ta ce ya dawo har da iyalinsa. Ta ce akwai garin da dorina ke fitowa daga ruwa tana kiwo a bakin titi, motoci na kauce mata. Dorina fa! Ni da ko a mafarki ban taɓa ganinta ba, ina zan samu kunnen jin yadda ake zama da tashi?

To, da hutu ya zo, Rukayya ta sauka Doha da roƙo. Tana so ta yi dogon hutu na gaba a ƙauyen su ƙawarta Tandeka, wai a bakin tsofaffi ake samun yaren na gaske. Habu ya ce, "Abin da Inna ta yanke, shi ke nan." Aka yi sa'a Tandeka ta zo ganin yayarta mai aikin jinya a Doha. Na ce a kawo mini ita. Gaisuwa ɗaya ta ishe ni.

Ranar na ɗaura zanen da nake ji da shi, na hakimce a kujera, carbi a hannu. Rukayya ta shigo da ita, ta ce, "Kaka, ga Tandeka," sai ƙaurin miya ya taso daga kicin, ta kwasa da gudu.

Yarinya ba sallama ba komai, ta nemi wuri ta zauna, ta sunkuyar da kai. Shiru.

Na jira. Na yi gyaran murya. Ta ƙara sunkuyawa. Na kaɗa carbi har ya yi ƙara. Sai ta zame daga kujera ta koma ƙasa, ta haɗa hannuwa a cinya. (A raina na ce, to, ta dai san ƙasa, saura baki.) Bakin nan bai buɗe ba. Ni kuma in fara gaida 'yar cikin jikata? Allah ya sawwaƙe. Na ɗauke kai ina kallon na'urar sanyaya ɗaki kamar ban taɓa ganinta ba.

Muna nan a haka Habu ya dawo daga aiki da kayan gadinsa. "A'a, Inna, lafiya na ji ɗakin kamar gidan makoki?"

Na ɗaga murya yadda za a ji har kicin. "Khalas, shi ke nan, na gama dubawa. Rukayya ba za ta gidan da ba a koya wa yara gaisuwa ba. Gara ta zauna da biranta, su ko ba komai suna leƙo taga."

Rukayya ta fito da ludayi a hannu. Ta duba ni, ta duba ƙawarta, ta durƙusa ta yi mata magana da yarensu mai ƙyas-ƙyas ɗin nan. Yarinya ta ɗago, ashe idonta ya cika da hawaye.

"Kaka," in ji Rukayya, "ke take jira."

"Ni? In yi mata me?"

"Ki gaishe ta. Kakarta ce ta raine ta a ƙauye. A wajensu ƙarami ba ya fara yi wa babba magana. Zama zai yi ƙasa ya yi shiru sai babba ya nuna ya gan shi. Tun ɗazu tana zaton kin ƙi ta ne. Na fara gaya miki a waya, kika ce in bari, in ba ki labarin dorina."

Habu ya juya baya wai yana cire takalmi. Kafaɗunsa na rawa, ina gani.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, da gwiwar tawa da komai. Ni mai gane tarbiyya, an shimfiɗa mini ita a gabana tun ɗazu ina kallon bango.

Na ce, "To yaya ake cewa?" Rukayya ta faɗa mini. Na murguɗa harshe na ce, "Sawubona," ko abin da ya yi kama da shi. Fuskar yarinyar nan ta washe. Ta tafa hannu a hankali, ta ce, "Ina wuni, Kaka. Yaya jiki?" Da Hausa! Ashe tun a jirgi take bitarsa, yana nan a bakinta, ni na hana shi fita.

Rukayya ta yi hutunta a ƙauyen, ni da kaina na haɗa wa kakar Tandeka turaren wuta. Kafin Tandeka ta tafi ranar kuwa, sai da na tsare ta ta ba ni labarin dorina tun daga farko (hali ai ba ya tafiya rana ɗaya).

Yanzu duk baƙon da ya shigo ya yi shiru, ni nake fara gaishe shi, ko mai kawo tukunyar gas ne, don ban san abin da kakarsa ta koya masa ba. Amma ɗan Hausa kam, na san tasa kakar. Shi ina nan ina jiran gaisuwarsa.