Ranar da Aka Ɗaure Guguwa da Alli

Ku gyara tsayuwa, ku cire hula, ga Lyuben Karadjov nan tafe. Sarkin gogen birnin Plovdiv da kewaye, mai sa amarya kuka tun ba ta ga dangin miji ba. Ɗan baiwar da makarantar koyon kiɗa ta yi wa kaɗan, har ta roƙe shi a rubuce ya bar ta tun yana aji biyu. A gidajen biki Guguwa ake ce masa, don in ya ɗora goge a kafaɗa, suma ta yi gabas, riga ta yi yamma, ƙafa na dukan ƙasa har sai masu rabon abinci sun janye faranti. Na san shi ciki da bai, ni nake aske masa gemu kullum a gaban madubi. Ni ne shi. Amma mutum mai wannan girma bai kamata ya riƙa cewa "ni" ba, labarinsa ake bayarwa.

Malama Rayna Doneva kuwa ta shekara arba'in tana kaɗa fiyano, tana ɗaukar faifai da mai goge guda ɗaya, tsoho Metodi. Faifai goma sha tara suka yi ba su taɓa faɗa ba, don ba su cika magana ba. Da sanyin ƙashi ya kama yatsun Metodi, sai ta aiko wa Guguwa. An ari wani tsohon coci a ƙauye na kwana uku, an kai fiyano a babbar mota. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar farko gwaji ce. In aka buga ƙararrawar ibadar yamma, ƙarfe biyar, ba a sami ɗauka ɗaya mai kyau ba, za ta kira wani. Shi kuma ya koma zagaya tebura yana goga wa ango waƙar da ya goga sau dubu.

Guguwa bai tsaya jin sharaɗi ba. Ya riga ya sallami masu biki uku, ya sanar da unguwarsu cewa daga yau sai dai su ji shi a rediyo. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa.

Ya iso coci da sabon takalmi da ƙyallen siliki a wuya. Ya tarar da tsohuwa cikin rigar sanyi tana cin banitsa, wani gashin fulawa da cuku, a takarda.

"Malama, ki saki jiki," in ji shi. "Ke dai ki riƙa bi na a hankali. Takardar kiɗa ta 'yan koyo ce, ni da zuciya nake kiɗa."

Ta goge maiƙon yatsunta, ta danna masa sauti ɗaya ya daidaita tsirkiya.

Ba a yi minti guda ba Kawu Stoyan, mai ɗaukar sauti, ya leƙo daga ɗakin da limamin cocin ke ajiye riguna, inda ya kafa na'urorinsa. Ya tambaya ko akwai ɓera a cocin. Aka duba, ashe sabon takalmi ne ke kuka. Aka cire. Safar hagu tana da taga, babban yatsa ya leƙo yana kallon hotunan waliyyai.

A ɗauka ta huɗu Kawu Stoyan ya sake fitowa, ya ce wani na ba tayar keke iska kusa da makirfo. Guguwa ya waiga yana neman mai keke. Sai da aka sa masa abin ji a kunne, ya saurari hancinsa yana jan numfashi kafin kowace gaɓa, fuuu, kamar sa ya hango rafi. A gidan biki mata dafe ƙirji suke in ya yi haka. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A ɗauka ta tara aka ce gogen yana tafiya birnin Sofiya yana dawowa, domin maigidan yana rangaji, makirfo kuma ba ta da ƙafar bin sa. Kawu Stoyan ya durƙusa da alli ya zana da'ira a ƙasa.

"Ɗana, nan ne ƙasarka. Ka tsallaka, sai da fasfo."

Suma ta shiga tsakanin bakan goge da tsirkiya, Malama ta ciro robar da ta ɗaure murfin kwalbar nonon da take sha ta miƙa masa. Inda mai waƙar ya rubuta dogon sauti guda, Guguwa ya yi masa kwalliya da karkarwa bakwai irin ta daren amarya. Ta tsaya cak, ta ɗora bakin fensir a kan takarda, ba ta ɗaga ba sai da ya sunkuya ya karanta.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin, ɗauka ashirin da shida, babu ta kirki. Tsofaffin ƙauye sun fara taruwa a ƙofa da kyandir. Malama ta ciro wayarta daga jaka ta ajiye kusa da hannunta.

Nan ran Guguwa ya ɓaci. Ga shi tsaye ba takalmi, kai a ɗaure da robar nono, a turke kamar akuya. Ya ce a ransa, tunda ba su san daraja ba, zai hukunta su. Zai ba su abin da ke takarda tsurarsa, ba gishiri ba mai, ya ga yadda za su yi da shi.

Ya tsaya ƙyam. Ya ja baka kamar mai yanka burodi. Da yake bai da abin yi da kunnuwansa, sai suka kama wani abu: ashe tun safe Malama magana take yi masa da fiyano. Ya faɗi gaɓa, ta amsa. Ta yi tambaya, ta bar masa fili. Ya ba ta amsa a taƙaice, don fushi yake. Minti goma sha ɗaya ba wanda ya leƙo. Sauti na ƙarshe ya hau rufin coci ya daɗe bai sauko ba.

Kawu Stoyan ya fito yana share ido da bayan hannu, ya ce an samu.

Guguwa ya tsallake da'ira ba fasfo, ya tsaya gaban fiyano ya ɗaga haɓa.

"Malama, gaskiya ta fi. Kar ku ruɗi duniya da sunana. Wannan da kuka ɗauka da gangan na yi shi, don in nuna muku kuskurenku. Ko ƙwayar zuciyata babu a ciki."

Ta rufe fiyano, ta mayar da wayar cikin jaka.

"To, gobe ma ka baro ta a gida. Ƙarfe tara."